Zoben Sama na Ƙofar Arusi

A daren da aka rufe sabuwar kotun Tunis, Arusi mai jajayen huluna ya ji wani sauti da rabonsa da ji tun yana yaro, kamar tsohon ƙarfe yana gyaran murya. Ƙofar gidansa zoben ƙwanƙwasawa biyu gare ta. Na ƙasa na kowa ne, na sama kuwa sai wanda ke bisa doki hannunsa ke kaiwa. Na saman ne ya motsa. Kafin ya buɗe, lungu babu kowa, sai garin tsatsa a bakin ƙofa, ja wur kamar rinin hulunansa.

Bara ne wani babban bafade ya ƙwace masa lambun zaitun. A lokacin, Bey, mai mulkin ƙasar, ya riga ya rantse cewa doka tana bisa kowa, har shi kansa. Arusi ya ɗauki maganar da gaske, har yakan hango dokar a ransa kamar wata doguwar mace zaune a kan rufin fada. Ya kai ƙara sabuwar kotun, alƙali ya mayar masa da lambunsa. Bisa al'ada, wanda haƙƙinsa ya dawo yakan je fada ya sumbaci hannun Bey ya yi godiya. Arusi bai je ba. Ya ce doka ce ta ba shi, ba mutum ba.

Da safe matarsa Habiba ta dire masa gahawa.

"To Malam Arusi, sai ka aika a kira maka dokar taka ta zo ta tsare mana ƙofa."

"Wataƙila iska ce."

"Iska mai kofato? Fita ka duba ƙasa."

Maƙwabcinsa Shazili wanzami yana tsugune a waje yana auna sawun da tafin hannunsa.

"Dokin fada ne, ɗan'uwa, na san irin takalminsu. Alƙalin naka ma an ce ya tafi ƙauye jinya, mutumin da ko mura ba ya yi."

Arusi ya daɗe yana kallon zoben. Gefe guda ya goge, yana ƙyalli. Ya koma ciki ya zaɓi hular da ta fi kowace laushi, ya naɗe ta a farin ƙyalle.

"Godiyar bara za ka kai bana?" in ji Habiba, amma muryarta ta sauka.

Ya sa takalmi ya fita, ya nufi fada.

Aka yi la'asar, aka yi magariba, Arusi bai dawo ba. Habiba ta bar ƙofa a buɗe, kyanwar gidan ta zauna a bakin ƙofar ta ƙi shiga. Matan lungu suka taru a tsakar gida. Shazili ya tsaya daga waje, yau babu tsokana a bakinsa.

"Uwargida Habiba, ita dokar nan da ya ce tana bisa kowa, a wane gida za mu je mu same ta?"