Saƙo Goma Sha Ɗaya

Kwana arba'in da uku Hajiya Ƙulu ta yi a Libreville ta ƙasar Gabon, kuma tun daga na goma ta fara ɗokin komawa. Wankan jegon autarta Nazira ne ya kawo ta. An yi an gama, mai jego ta yi ɓul-ɓul, jariri har ya fara gane fuska. Abin da ya rage sai ruwan sama da ba ya gajiya, da ɗakin nan na unguwar Akébé inda zane ke kwana uku a igiya bai bushe ba. Matar da ta shekara talatin tana riƙe da makarantar 'yan mata a Kano ba ta iya zaman wuri ɗaya ba. Ta leƙa waje, ta dawo, ta buɗe jaka, ta duba fasfo, ta rufe. Izinin zamanta ranar Talata zai ƙare, jirginta ma na Talatar ne. In ya tashi babu ita, ta zama mai laifi a ƙasar mutane da furfurarta.

Surukinta Sabitu, mai kanti a bakin titi, ya yi iya ƙoƙarinsa. Wata Lahadi ya kai su tashar jiragen ruwa ta Port Môle, wai Hajiya ta yi yawon buɗe ido. Ta tsaya tana kallon Turawa cikin gajerun wanduna, rana ta mai da su ja kamar tattasai, suna jiran kwalekwalen da zai tsallaka da su su ga inda kunkurun teku ke yin ƙwai. Kowa waya a gaban fuska.

"Auta, wannan ne buɗe idon?" in ji ta. "Ni ban ga mai ido a buɗe ba. Kuma macen kunkuru, baiwar Allah, ta zo haihuwa, wa ya ce musu tana son 'yan kallo?"

An ce tafiya mabuɗin ilimi. Hajiya dai ta san mutanen da suka je Makka sau bakwai, ba su dawo da komai ba sai haƙori. An ce jirgi ya rage nisa. Ita awa goma sha shida ta yi daga Kano, kaɗan a sama, sauran a kan kujerun ƙarfe a Legas da Lome tana gadin agogo.

Ranar Asabar ta yafa mayafi za ta zaga sallama. Nazira ta tare ƙofa.

"Umma, nan fa ba a sallama. Sulalewa ake yi. Sai an sauka a bugo waya a ce tafiyar ce ta zo da gaggawa."

"Ɓarawo ke tafiya ba sallama. Matsa."

Kafin la'asar ɗin Litinin ta gane abin da ake gudu. Saƙo ya dinga shigowa, kowa da ƙullinsa, kowa kuma cewa yake ɗan abu ne ba nauyi. Fanta mai abinci, 'yar Damagaram, ta kawo na ƙanwarta da ke aure a Kurna. Mai ɗinki ya kawo, matar liman ta kawo. Na ƙarshe wani dattijo ne, Malam Yaya, ya taso tun daga Ntoum da ƙunshi a cikin buhu, an ɗinke bakinsa da zaren roba. Na yayarsa ne a Fagge. Shekara talatin da huɗu rabon da su ga juna.

"Hannu da hannu, Hajiya, don Allah. Sau biyu ina aikawa yana ɓata a hanya."

"Hannu da hannu, in sha Allahu."

Ta ɗauko takarda ta rubuta su kamar rajistar aji. Mutum goma sha ɗaya.

Safiyar Talata ruwa ya tsuge, motoci suka cushe a hanyar bakin teku. Hajiya na baya da Nazira da jariri, ƙafarta sai kaɗawa take. Sabitu ya yi gyaran murya, idonsa a kan titi, don bai taɓa haɗa ido da ita ba.

"Hajiya, akwai wata tambaya da suke yi. Wai ko wani ya ba ki kaya ki tafi masa da su. *Non*, wato a'a, kawai za ki ce. Kowa haka yake cewa."

"To, Malam Sabitu."

Nazira ta san wannan "to" ɗin tun tana firamare, ba na amincewa ba ne.

A filin jirgi, yarinyar da ke karɓar kaya ta fara da Faransanci, da ta ga koren fasfo sai ta koma Ingilishi. Nan kuwa ta zo gidan Hajiya, wadda ta koyar da shi tun kafin a haifi yarinyar. Ko akwai wanda ya ba ta wani abu ta tafi da shi?

"Ƙwarai kuwa. Mutum goma sha ɗaya."

Yarinyar ta ɗago kai. Ta maimaita tambayar a hankali, kamar mai ba ɗaliba dama ta gyara amsa. Ta samu amsar ɗazu.

"Kin san abin da ke ciki, Madam?"

"Ina zan sani? A garinku buɗe saƙon mutane ake yi?"

Sabitu ya dafe hula. Aka kira wani jami'i mai safar hannu, aka ja jakunkuna biyu zuwa tebur a gefe. Saura minti arba'in a rufe karɓar kaya.

"Umma, kalma ɗaya ce fa," Nazira ta ce ƙasa-ƙasa. "Harafi uku."

"In kowa ƙarya yake musu, me ya sa suke tambayar? Yau dai sun samu wadda ta amsa."

Jami'in ya sa wuƙa yana farke ƙulli ɗaya bayan ɗaya, ba ya sauri, Hajiya kuma tana tsaye a kansa da takardarta tana hana kaya cakuɗewa. Sabulu. Turare. Busasshen kifi mai gishiri, wanda ya sa mutanen layi suka ja da baya. Takalmin yaro, hotunan biki, gwangwanayen madara. Duk wanda aka gama, Nazira ta ɗaure da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da jariri, Hajiya ta rubuta suna a kai. Idonta ɗaya a kan wuƙa, ɗaya a kan agogon bango.

Na Malam Yaya aka buɗe ƙarshe. Atamfa ce turmi shida. Hajiya ta gyara tabarau ta karanta 'yar takardar da ke manne a gefen ta sama, sai ga sunan wani shago a Kantin Kwari. Wato daga Kano atamfar nan ta taso, ta ƙetaro ƙasashe, ta zauna a wani kanti a Gabon, yanzu za ta koma Fagge, inda ko da ƙafa aka taka daga Kwari ba a yi gumi ba.

Jami'in ya ce ba komai, a tafi. Aka mai da jakunkuna kan sikeli. Saura minti goma sha biyu. Yarinyar ta juyo da allon ta nuna: kilo tara ya hau. Jirgi ya cika, yau ko da kuɗi ba a karɓar ƙari, jakar hannu kuwa dama ta cika har zif ya ƙi rufuwa.

Hajiya ta zuge jaka ta fara zaro nata. Takalma, bargo, kayan sawa kala uku, duk ta tula wa Sabitu a hannu. Aka sake aunawa. Saura kilo biyar.

"Hajiya, a bar na Malam Yaya," in ji Sabitu. "Zan ba wani mai tafiya."

"Wani mai tafiyar ne ya ɓatar masa sau biyu."

"To Umma, ba daga Kwari take ba? Ki bar ta nan, in kin sauka ki sayi irinta ki kai. Wa zai sani?"

Maganar ba ta rasa hankali ba, shi ya sa ta ba Hajiya haushi. Ta tuna yadda dattijon ya riƙe buhun a cinya, bai ajiye a ƙasa ba har sai da ta miƙa hannu.

"Ba atamfa ya aika ba, Auta. Wadda ya zaɓa da hannunsa ya aika."

A layin gefe wani ƙaton mutum na karɓar takardar shiga jirgi, tumbinsa ya riga shi isa kanta. Hajiya ta dube shi sama da ƙasa, ta juyo wurin yarinyar.

"Shi wancan an auna shi?"

"Ba a auna mutane, Madam."

"Madalla. Malam Sabitu, karɓi yaron nan. Auta, kwaso atamfar ki biyo ni."

Minti shida suka yi a banɗakin mata. Turmi huɗu aka naɗa daga ƙirji zuwa idon sawu, ɗaya aka ninka a kafaɗa, ɗaya aka ɗaura a ka. Ta fito tana tafiya kamar rumbu ya yi ƙafa. Wani ɗan Najeriya a layi ya yi kabbara. Yarinyar ta cije leɓe, ta dubi sikeli, ta manna wa jakunkuna takarda, ta miƙo fasfo.

Sallamar da aka yi ba ta yi kama da sallama ba. Hajiya ba ta iya sunkuyawa ta sumbaci jariri ba, sai ɗago shi aka yi. Nazira ta rungume ta, hannu bai zagaya ba, tana kuka tana dariya.

"Ki riƙa shan kunun kanwa. Allah ya yi muku albarka. Ku matsa, zan makara."

Ta wuce masu duba fasfo, ta wuce matar da ke laluben jiki, wadda ta lalube ta lalube ta gaji ta ce ta je. Ta iso zauren jira tana haki, gumi na bin bayanta har cikin takalmi. Ko zama ba ta yi ba aka yi sanarwa: saboda ruwa, jirgi zai yi jinkirin awa biyu.

Ta tsaya ta dubi lasifikar, kamar ɗalibar da ta yi mata rashin kunya. Sannan ta zare ƙarshen turmin farko daga ƙugu, ta miƙa wa wata matashiya da ke zaune tana danna waya.

"Tashi ki kama min nan, 'yar nan. A kan layinsa za ki ninke, kada ki yamutsa. Na mutane ne."