Kofin da Aka Ɗaura wa Jan Zare

Wata uku ina zawo da jini, ina ɗirkar jiƙo, ina cewa basir ne. Taurin kai dai na gada. Ran da na kife a kan sitiyarin taksina gaban kasuwar Petit Marché, cikina ya yi tauri kamar dutse, aminina Idrisa tela ne ya kwashe ni zuwa asibiti.

Likita ya ce ƙwayar amiba ce da na sha a gurɓataccen ruwa, ta ci babban hanjina har ya huje. Suka yanke inda ya ruɓe, suka fito da bakin hanjin ta gefen cikina, suka manna masa jaka. Nan bayan gida zai riƙa zuba har wata shida, kafin a sake haɗa hanjin. Ƙwayar kuwa magani ya kashe ta, ba wanda zan shafa wa.

Kunya ta fi ɗinkin ciwo. Ban da matata Zuwera, Idrisa kaɗai na ɗaga wa riga ya gani. Na roƙe shi kada 'yan fadarmu ta unguwar Boukoki, inda muke shan shayi kullum, su ji.

"Haba Amadu," ya ce, "ko a kabari ba ni faɗi."

Da na ji ƙarfi, na sa babbar riga na tafi fada bayan la'asar. Aka yi mini barka, aka ba ni kujera mai kyau, ita kaɗai can gefe. Na ɗauka girmamawa ce, wawa da ni.

Shekara goma sha biyar kofi biyu ne ke zagaya mu takwas, ka kurɓe ka mayar, a zuba wa na kusa da kai. Ran nan uku na gani a faranti. Sabon an ɗaura masa jan zaren ɗinki, shi aka miƙo mini. Ba wanda ya kalli fuskata, duk idanu na kan gefen cikina na hagu.

Na dubi Idrisa. Ya duƙufa yana fifita gawayin da ya riga ya kama.

"Wa ya ɗaura wannan?" na tambaya.

"Don hankalin mutane ya kwanta ne, Amadu," ya ce, bai ɗago ba.

Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Na shanye shayin, na miƙa kofin, babu hannun da ya karɓa. Da kaina na ajiye shi a ƙasa.