Zaman Furera a Gidan Gwaggo Salamatu

Furera 'yar Doguwa ce, aure ya kai ta wata ruga a bakin dajin Falgore. Mijinta Hamman yana kiwo, yana kuma noman masara da dawa a bayan gida. Sai da ta shekara huɗu a ɗakinta kafin ta samu ciki, a ƙarshen shekarar 1993. Cikin na da wata biyar ta fara jin wata irin kasala, ko tsintsiya ba ta iya ɗauka. Abinci ya fita ranta, fitsarinta ya koma kamar ruwan shayi. Wata safiya surukarta, wadda kowa ke kira Inna, ta riƙe mata haɓa ta duba idonta a hasken rana, ta ce shawara ce, ta jiƙa mata saiwar rawaya.

Furera ta sha, amma hankalinta bai kwanta ba, don ta san wannan launin. Haka idon mahaifiyarta ya yi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, daga nan ciki ya kumbura, ƙafafu suka bi, ta rasu kafin girbi. Yayan Furera, Bala, ma haka ya tafi, bai cika talatin ba.

A lokacin rasuwar mahaifiyar, wani mai magani ya ce an ba ta wani abu ne a fura. Mai kawo mata fura a duk tsawon jinyar kuwa ita ce Gwaggo Salamatu, ƙanwar mahaifin Furera. Ba a kai ta gaban kowa ba. Yayan nata Malam Balarabe, mahaifin Furera, dai ya ce kada ta sake taka masa gida, mata kuma suka daina karɓar abin hannunta. Mijinta ya riga ya rasu, ba ta da ɗa, sai ta tattara kayanta ta koma Tudun Wada tana tuyar ƙosai a kusa da tasha. Furera ta girma da wannan labari, kuma ta yarda da shi.

Da aka yi kwana goma idon bai washe ba, Hamman ya bar wa ƙanensa shanu, ya fito da ita bakin titi, suka shiga mota zuwa asibitin Tudun Wada. A can suka samu wata ungozoma, Sista Laraba, doguwar mace mai furfura a gaban goshi, wadda ta yi shekaru tana aiki a Zariya kafin a dawo da ita gida. Ta duba Furera, ta tambaye ta ko akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo a danginsu. Da ta ji labarin uwa da ɗa, sai ta ajiye biro. Ta ɗebi jininta da na Hamman, ta ce za ta aika Zariya, su dawo bayan mako biyu, kuma a dakata da jiƙe-jiƙe.

Ranar da suka koma, Sista ta sa su a wani ɗan ɗaki ta rufe ƙofa.

"Furera, ciwon hanta ne da ke, irin wanda ake kira nau'in B. Ƙwayar cuta ce a cikin jini. Takan yi shekaru a jikin mutum bai sani ba, wani ma har ya tsufa da ita lafiya lau, wani kuma ta lalata masa hanta. Kai Malam Hamman, jininka ya nuna ka taɓa kamuwa, jikinka ya kore ta."

Hamman ya tambaya ta ina take shiga.

"Ta jini. Askar da aka yi wa wani tsaga da ita aka yi wa wani, allurar da ba a dafa ba, ko tsakanin miji da mata. Sau da yawa kuma daga uwa zuwa ɗa, wajen haihuwa. Ba zan rantse ba, tunda ban ga mahaifiyarki ba, amma yadda kika faɗa, na fi zaton daga wajenta kuka samu, ke da yayanki."

Furera ta ce, "Sista, ana iya ba wa mutum ita a abinci? Kamar a fura?"

"A'a. Wannan ba ta shiga ta ƙwarya ko ta ludayi."

"Ko da gangan aka zuba?"

"Ko da gangan. Ba hanyarta ba ce."

Sista ta ci gaba da bayani. Ta ce babu maganin da zai fitar wa Furera da cutar, sai dai hutu da kula, amma akwai allurar rigakafi da za ta iya kare abin da ke cikinta. Ba ta cikin alluran da ake yi wa yara a asibitocin ƙauye, sai an nemo. Akwai wani likita da ta yi aiki da shi a Zariya, zai iya samo musu. Sharaɗin shi ne a yi wa jariri ta farko a ranar da ya faɗo, kafin ya kwana, sauran biyun kuma daga baya.

"Ke nan a nan za ki haihu, a hannuna. Haihuwarki tsakiyar damina za ta faɗo, kuma na san rafukan hanyarku. Ki dawo gari da zama tun cikin na wata takwas. Kina da kowa a nan?"

Furera ta ce tana da gwaggo.

Hamman bai yi gardama ba. Ya kai ɗan bijimi kasuwa, ya je Zariya da kansa da takardar Sista, ya dawo da ƙananan kwalabe a cikin akwatin ƙanƙara. Inna ce ta yi ƙorafi, ta ce ita 'ya'ya bakwai ta haifa a bukka. Amma ranar tafiya ita ta ɗaure wa Furera kaya, ta cusa mata kwalbar man shanu.

Sun iske Gwaggo Salamatu da hantsi tana wanke kaskon tuya a tsakar gida. Ta rame, ta yi duhu saboda hayaƙi. Ta dubi Furera, ta dubi cikin, sannan ta sake duban fuskar.

"Furera ce?"

"Ni ce, Gwaggo."

Furera ta durƙusa da ƙyar ta gaishe ta. Ta shirya magana tun a mota, amma duk ta watse. Abin da ta iya faɗa shi ne asibiti sun ce ciwon da ya kashe mahaifiyarta a jini yake, ba a fura ba, kuma ga shi a jikinta ita ma.

Gwaggo ta ci gaba da goge kaskon har ya bushe, ta kife shi.

"Ni na san ban yi ba," in ji ta. "Abin da ban sani ba shi ne ko zan kai ranar da wani zai sani. Tashi daga ƙasan nan, akwai danshi."

Ta shimfiɗa mata tabarma, ta shiga ɗaki ta dama koko. Da ta kawo, sai ta tsaya da kwanon a hannu, ba ta miƙa ba ba ta ajiye ba. Furera ta sa hannu biyu ta karɓa, ta shanye tas, ta ce a ƙara mata.

Ɗaki ɗaya ne da Gwaggo. Ta bar wa Furera gadon ta koma tabarma. Ta je wurin Sista ta tambayo abin da mai ciwon hanta ke ci, ta rage mai a miya, ta riƙa nemo zogale da wake da gwanda. Ba ta taɓa tayar da zancen Doguwa ba. Sau ɗaya kawai, tana gyaran wake, ta ce mahaifiyar Furera ba ta iya cin komai a ƙarshe sai furar nan, shi ya sa take damawa kullum. A hankali idon Furera ya fara washewa, ƙarfinta ya ɗan dawo.

A daminar nan man fetur ya yi wuya a ƙasar. Motoci suka ragu a tasha, kananzir ya ɓace. Firjin asibitin kuwa da kananzir yake aiki, kuma a cikinsa aka ajiye allurar. Wata rana a wajen awo Sista ta faɗa musu gaskiya, ta ce abin da ya rage ba zai wuce kwana huɗu ba, kuma in allurar ta ji zafi ta lalace, har da na sauran yara.

Da suka koma gida Gwaggo ta juye kananzir ɗin fitilarta a kwalba. Washegari ta bi matan da ke sayen ƙosanta gida gida, tana cewa 'yarta ce za ta haihu. Wata ta ba da rabin kofi, wata cikin murfi, wani mai gyaran fitila ya ba da kwalba guda. Duk bayan kwana biyu sai ta kai wa Sista abin da ta tara. Su kuma suka koma cin tuwo tun kafin magariba, tunda babu na fitila. Haka aka yi mako uku, firjin bai mutu ba.

Naƙuda ta zo wata Talata da safe, ana yayyafi. Gwaggo ta riƙe ta suka taka har asibiti. Kafin azahar Furera ta haifi ɗa namiji. Sista ta goge shi, ta naɗe, ta je ta ɗauko kwalbar. Furera na kwance tana kallo aka soka masa a cinya. Ya tsala kuka, ita ma hawaye ya zubo mata.

"An yi a kan lokaci," in ji Sista. "Ki ba shi nono, ba abin da zai yi masa. Ranar suna kuma a saya wa wanzami sabuwar reza, kada ya taɓa shi da askarsa."

A gidan Gwaggo aka yi suna, aka sa wa yaro Hamidu. Hamman da kansa ya je Doguwa ya gaya wa Malam Balarabe duk abin da asibiti suka ce. Tsohon ya zo, ya zauna a zaure tare da maza, bai shiga ciki ba har aka watse. Da la'asar ya aika a kira masa ƙanwarsa. Furera na jin su daga ɗaki.

"Salamatu, na zalunce ki."

"Ya wuce, Yaya."

"Bai wuce ba. Ki yafe mini, ki dawo gida."

"Na yafe tun tuni. Amma gida kam, na saba da nan. Zan dai riƙa zuwa."

Sai ya tambaya ko akwai sauran waina. Ta kawo masa, ya ci a gabanta.

Furera ta yi wankan jegonta a nan, ta koma ruga bayan an yi wa Hamidu allura ta biyu. Ta uku kuma Hamman ya kawo su da rani. Da yaron ya shekara da 'yan watanni, Sista ta ɗebi jininsa ta aika Zariya. Ranar da sakamako ya zo ta karanta musu sau biyu, babu cutar a jikinsa. Hamman ya ɗaga hannu ya yi hamdala. Furera ta kama hannun Sista ta riƙe, ta shiga addu'a, ta yi mata, ta yi wa iyayenta, ta yi wa likitan Zariya da ba ta taɓa gani ba.

"Ke kuma taki tana nan," Sista ta tuna mata. "Duk wata shida ina son ganinki, ko kina jin lafiya."

Furera ta ce za ta zo. Sannan ta ce akwai ƙanwarta Asabe, uwarsu ɗaya, tana aure a Kafin Maiyaki, kuma an ce ta samu ciki. Sista ta ce a kawo ta tun da wuri.

Ranar Asabar Furera ta goya Hamidu, Gwaggo ta ba maƙwabciya amanar tuyar ranar, suka shiga mota zuwa Kwanar Dangora, daga can suka nemi ta Kafin Maiyaki. Suka iske Asabe tana sussukar gero. Furera ta karɓe taɓaryar daga hannunta, ta ce ta shiga ta kira mijinta, akwai maganar da suka zo da ita.