Rigar Auta Mai Hannu Ɗaya

Auta tana da shekara goma sha uku lokacin da malamar ɗinki ta ce kowace ɗaliba ta ɗinko riga da kanta, ranar Alhamis ta sanya ta, ta fito gaban aji a ba ta maki. Sauran yara suka hau ƙorafi. Auta kuwa ta gyara zama tana murmushi, domin mahaifiyarta tela ce, kuma a ganinta duk wanda ya tashi cikin ƙarar keken ɗinki ya riga ya iya, ko bai taɓa taka shi ba.

A gida Mama ta ce, "Kawo in yanka miki, ke sai ki haɗa."

"A'a Mama, ni zan yi abina."

"Kin taɓa sa hannun riga?"

"Ba ina gani kina yi kullum ba?"

Mama ta dube ta sama da ƙasa, ta miƙa mata almakashi, ta koma kan gugarta.

Kwana huɗu Auta na fama da wani shuɗin yadi mai ɗigon fari. Ta rataya tef ɗin awo a wuya, ta soke fensir a bayan kunne, duk wanda ya gifta sai ta ce ya matsa yana tare mata haske. Ranar Alhamis da safe tana kan keke har ta kusa makara. Ta ja layin ƙarshe a guje, ta cije zare, ta cusa rigar a jaka ko gwadawa ba ta yi ba.

A makaranta aka tura su canza kaya ɗaya bayan ɗaya a wani ɗan ɗaki da ake ajiye tsintsiya da karyayyun kujeru. Auta ta zura kai, wuyan rigar ya matse, ta ja da ƙarfi ya wuce. Hannun hagu ya fita lafiya. Na dama ya je ya tarar da hanya a rufe. Ashe cikin saurin safe ta haɗa bakin hannun da jikin rigar ta ɗinke ruf, layi biyu ma, don kada ya farke. Ta yi ƙoƙarin tuɓewa, wuyan ya tsaya a haɓarta ya ce ba inda za shi. Daga waje kuma Malama na ta kira.

Haka ta fito, hannunta na dama naɗe a kan cikinta a cikin riga, hannun rigar kuwa yana lilo a gefe ba kowa a ciki.

Duk aji ya zuba mata ido. Malama ta sauke tabarau. "Ke, ina hannunki?"

Da Auta ta faɗi gaskiya a nan, da dariyar minti biyu ce ta wuce. Amma ta ga idanu arba'in a kanta, ta tuna irin cika bakin da ta yi duk makon, sai ta ji bakinta ya ce, "Ciwo yake, Malama. Faɗuwa na yi."

Nan take fuskar Malama ta sauya. Aka kawo mata kujera, wata ta kawo ruwa, wata ta hau yi mata fifita da littafi. Auta ta langaɓe kai, har ta ɗan yi nishi, domin abin ya fara yi mata daɗi. Sai da Malama ta ce a kira nas ɗin makaranta sannan Auta ta haɗiye nishin.

Nas ta zo ta ce a fito da hannun ta gani. Auta ta ce ba ya motsi. Nas ta taɓa ta saman riga ta ce, "Nan?" Auta ta ce eh. Ta taɓa wani wuri, Auta ta ce eh. Ta taɓa hannun rigar da babu kowa a ciki, Auta da idonta ke rufe ta ce, "Nan ma ya fi zafi."

Nas ta saki hannun rigar. Ta dubi Malama ta ce ita dai wannan ciwo ya fi ƙarfinta, a kai yarinya wajen uwarta.

Malama da kanta ta sa ta a mota. Suka tarar da Mama a shago tana auna wata mata. Malama ta fara bayani cikin tausasa murya, wai kada hankalinta ya tashi. Mama ta ajiye tef, ta zagaya Auta sau ɗaya, ta ɗaga hannun rigar da yatsa biyu ta leƙa ƙarƙashinsa. Ta ɗauko reza ta bi ɗinkin a hankali, sannan ta ce, "Miƙo."

Hannu ya fito lafiya lau, da ɗan gumi, yatsu biyar cif.

"Ga shi na warkar da ita," in ji Mama.

Matar da ake aunawa ce ta fara dariya. Ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Malama ta so ta ɗaure fuska, ta kasa, ta zauna a kan buhun ƙyalle tana share hawaye. Auta ta tsaya da hannu a miƙe, kunya kamar ta nutse, sai ta tuna yadda ta yi wa hannun riga kukan zafi. Dariya ta kufce mata ta hanci. Ta durƙusa tana yi har cikinta ya ƙulle, tana cewa, "Wallahi Malama, a lokacin na fara jin yana ciwon da gaske."

Da suka lafa Malama ta juya rigar ciki waje ta duba. Ta ce ƙasan ya karkace, aljihun kuma yana kallon baya, amma ɗinkin da ya kama hannun nan ba ta ga mai ƙarfinsa ba a duk ajin. Ta ba ta huɗu cikin goma.

Wuyan rigar dai bai saki ba sai da Mama ta tsaga shi har ƙirji. Washegari Auta ta shiga aji tana ɗaga wa kowa hannun dama tun kafin a tambaye ta, yara suna layi suna yi mata sannu da jiki, tana amsawa da, "Da sauƙi, an gode."