Kamamar Ɗantsoho

A shekarar korona aka rufe jami'a, Ummusalama ta dawo gida Gadarif tana aji huɗu a karatun likitanci. Ranar da za a tafi yankan riɗi, ta rako babanta Sharu wajen lori da sassafe. Shi ne wakilin ma'aikata a wata gona ta wajen Showak. A jakarta akwai kamama sabuwa guda ɗaya, irin wadda ake rufe hanci da baki, ta ajiye masa.

Mutum talatin sun hau. Sai Ɗantsoho, wanda ya shekara ashirin yana yanka tare da Sharu, ya kama tari.

Direba Ɗanliti ya kashe mota. "Halas, shi ke nan! Mai tari ya sauka."

"Ya zol, bawan Allah, tarin nan ya girme ka," in ji Ɗantsoho. "Ƙurar injin dawa ce."

Aka yi dariya, amma na kusa da shi suka matsa. Riɗi ba ya jira. In ya bushe a tsaye sai ya fashe ya zube. Wanda lorin nan ya bari, kakar bana ta wuce shi ke nan.

Ummusalama ta sa tsohon ya sauko. Ta taɓa goshinsa, ta tambaye shi zazzaɓi, ta miƙa masa kofin gahawar jabana ya shinshina, don ta ga ko yana jin ƙanshi.

"Citta ta yi yawa," ya ce.

"Baba," ta ce wa Sharu a hankali, "ina ganin tsohon tarinsa ne, amma ba zan rantse ba. Kamamar nan shi zan ba."

Sharu yana da ciwon suga, ita ta sani. Wace 'ya ce za ta ɗauke kariya daga bakin ubanta ta kai bakin wani?

"A bakin mai tari ta fi tsare ka," ta ce. "Kai da sauran duka."

Amma Ɗantsoho ya ture hannunta. "Likita, in na sa wannan shuɗin abu ni kaɗai, wa zai ci asida da ni a kwano ɗaya? Gara in koma gida."

Ta dubi mutanen da ke kan lori. "Kawunnaina, in kuna kakkaɓe riɗi, yaya kuke yi da rawani?"

"Mu naɗe hanci mana."

"To ku naɗe yanzu, ninki biyu. Kada a kwance sai an sauka."

Ba wanda ya motsa. Sharu ya warware rawaninsa a gaban kowa, ya ninka, ya rufe fuska har ƙasan ido. Ɗaya bayan ɗaya suka bi. Ummusalama ta ɗaura wa Ɗantsoho kamamar, ta matse ƙarfen a kan karan hancinsa, ya naɗa rawani a kai. Ta zaunar da shi can baya inda iska ke bugawa.

"In zazzaɓi ya zo, Baba, ka ware shi ka kira ni. Ka yi alkawari."

"Na yi."

Ɗanliti ya leƙo. "Wai ina mai tarin?"

"Nemo shi," wani ya ce ta cikin rawani.

Lori ya tashi. Wani baƙon ma'aikaci daga Fau ya tambayi Sharu ko yarinyar hukuma ce ta aiko ta.

"Tawa ce," in ji Sharu. Rawanin ya danne muryar, sai ya sake faɗa da ƙarfi.