Ruwan da Na Zubar

Shekara ashirin da shida ina wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen Farfesa Tofazzal Mridha a Rajshahi, ban taɓa jin wani ya ce masa ya yi kuskure ba. Ɗalibai in sun dawo daga hutu sai su sunkuya su taɓa ƙafarsa. In ya buɗe baki su hau rubutu, ko da cewa ya yi a buɗe taga. Ni ma kada in wanke kaina, haka nake.

Shekara goma sha huɗu ya yi a kan ɓawon mangwaro. Mukan niƙa shi, mu zuba a tukunyar ƙarfe mu ɗaure murfi, ya sha wuta awa takwas. Zafin yakan ƙona zaƙin da ke cikin ɓawon, ɓurɓushin ya dunƙule ya zama ƙwayoyin gawayi, ƙanana ƙwarai, dubu goma a jere ba su kai kaurin gashi ba. Ruwan yakan fito kamar shayin da ya kwana. Amma sa shi a akwatin duhu, ka kunna fitilar gwaji, sai ya ɗau wani shuɗin haske mai sa mutum ya manta abin da ya kawo shi. Malam ya ce daga cikin ƙwayar kanta hasken ke fitowa. A kan wannan maganar ya yi suna, a kanta ya yaye ɗalibai bakwai.

Sabiha ce ta takwas, kuma ta ƙarshe, 'yar garin Pabna mai shegen tambaya. Ita ta ce za ta wanke ƙwayoyin sosai kafin ta auna. Ta ɗura ruwan a wata siririyar jaka mai kama da wankakken hanjin rago, wadda ƙwayoyin ba sa iya ratsawa amma duk abin da ya fi su ƙanƙanta yana fita. Ta tsoma ta a ruwa mai tsabta. Kwana uku muna canza ruwa, ita kuma da baƙin naci ta hana ni zubar da ko ɗigo, sai dai in tara a kwalabe.

A rana ta uku ta kira ni bakin akwatin. Ruwan wankin na ta walwali, jakar kuwa da ƙyar take ƙyalli. Ashe wani abu ne mai kama da rini ke haɗuwa a tukunyar tare da ƙwayoyin, shi ke da mafi yawan hasken. Saura kwana biyar a yi wa Malam taron ajiye aiki, inda zai yi jawabi a kan wannan hasken. Na ce mata ta kawo in juye a kwata.

“Apa, to me zan rubuta?” in ji ta. Haka take kirana, wato Yaya.

“Abin da bakwai ɗin da suka riga ki suka rubuta. Ke kaɗai Allah ya ba ido? Tsohon nan hannunsa rawa yake yi, ki bar shi ya tafi gida da mutuncinsa.”

Ba ta ji ba. Da safe ta kai masa shayi, ta tsaya kanta a ƙasa ta faɗa masa. Na so in shaƙe ta, don tausayinsa ya cika ni.

Ya taso da sandarsa, ya cire tabarau, ya kafa fuska a akwatin. Ya daɗe. Ya sa ta musanya kwalaben, ya sake dubawa, ya tambaye ta sau nawa ta maimaita awon. Ta ce sau uku. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja, amma muryarsa lau.

“Uwata, kin yi aiki. Wannan abin da ya fita shi ya kamata a bi, a san ko mene ne. Da ina da shekara biyar a gaba...”

Bai ƙarasa ba. Ya juyo ya gan ni a bakin famfo ina ta goge kwalbar da ta riga ta bushe.

“Monowara, ba ki leƙa ba. Ke da ko tafasar ruwa sai kin leƙa.”

Ban iya yi masa ƙarya yana kallona ba. Na gaya masa Sabiha ta nuna mini jiya, kuma ba jiya na fara gani ba. Ɗalibinsa na uku, Habibur, ya taɓa yin irin wannan wankin, ya zo ya nuna mini, ni kuma na karɓi ruwan na zubar, na ce ya ja bakinsa. Na ce don girmansa na yi, don kada ransa ya ɓaci.

Ya tambaye ni yaushe ne. Na ce shekara tara ke nan.

Ya laluba kujera ya zauna. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dubi hannunsa da ke rawa a kan sandar, sannan ya dube ni.

“Shekara tara,” in ji shi. “A lokacin ai hannuna bai fara rawa ba, Monowara.”