Inda Furen Baba Yake Kallo

Shekara uku tukunyar nan tana kan tagar ɗakin Mama, ganye huɗu masu kauri kamar harshen saniya, babu fure babu alamarsa. Okid ake ce wa irin wannan furen. Abokan aikin Baba ne suka kawo shi lokacin jinyarsa, da fararen furanni tara a jikin sanda ɗaya. Duk yadda muka ajiye tukunyar, sai sandar ta karkata ta fuskanci gadonsa. Ranar da furen ƙarshe ya faɗi, kafin rana ta take Baba ya cika. Ni ban ɗauki wannan a bakin komai ba. A kantin magani nake aiki, abin da likita bai rubuta ba ba ya hana ni cin abinci.

Bana sai Mama, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta tun faɗuwar da ta yi a banɗaki, ta ce, "Auta, ki sa furen babanku ya sake fitowa. Kewarsa nake yi."

Na tambayi tsohon da ke sayar da shuke-shuke kusa da kantinmu. Ya duba hoton a wayata ya yi tsaki.

"Kin kusa kashe shi da ruwa, 'yata. Sau ɗaya a mako, sai saiwar ta yi fari-fari. Ki yanke busasshiyar sandar, ki ɗan bar tagar a buɗe ya ji sanyi. In sabuwa ta fito, kada ki riƙa juya tukunyar. Haske take bi, kina juyawa tana murɗewa."

Mako shida sai ga sabuwar sanda, siririya, koriya shar. Na yi murna kamar ni na haife ta. Amma da na dawo aiki wata ranar, na tarar kanta ya ba taga baya, yana nuna gadon Mama. Ni mai cika bakin nan, sai ga ni ina tuna gadon Baba. Na karya dokar tsoho, na juya tukunyar wajen haske. Washegari da yamma ta koma. Na ɗaure sandar a jikin tsinke da zare. Ta koma. Kwana goma muna wannan, har sandar ta lanƙwashe biyu, ga 'yan ƙullutu bakwai sun jeru a kanta. Mama kuwa, na lura gwiwoyinta sun goge, ta ce ai bargon ne mai kaushi.

Ranar Talata wuta ta ɗauke a kanti aka sallame mu da wuri. Na tura ƙofar ɗakin, sai ga Mama a ƙasa, ta ja jiki tun daga gado har bakin taga, hannu biyu a kan tukunyar tana juya ta.

"Mama! Ashe ke ce?"

"Ni ce." Tana haki. "Tsaya nan ki gani."

Ta saki tukunyar. Ba iska a ɗakin, labule ma bai motsa ba. A hankali kan sandar ya bar gadon, ya wuce tagar, ya tsaya daidai bakin ƙofa, inda nake.

"Tun ranar da ta fito, kujerar da kike zama take nema," in ji Mama. "Don kaina na ce ki tashe shi, Auta. Na gaji, ina son in bi babanku. Wallahi ban san ke zai zaɓa ba."

Na fizgo almakashi daga aljihun jakata, na nufi tukunyar. Ta riƙe mini ƙafa da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"In kin yanke, duka bakwai sun faɗi lokaci ɗaya."

Na mayar da almakashin. Na ɗauke ta na kwantar, ta ce sai na ba ta tukunyar. Tun daga ranar a gefen matashinta take, ta rungume ta, fuskarta dab da furannin ko za su canza ra'ayi.

Dukansu sun buɗe, farare tas, suna leƙena ta saman kafaɗarta. Tsohon ya ce in an kula da su sukan kai wata uku. Ina ba su ruwa sau ɗaya a mako, ban taɓa kuskure ba, kuma na hana kowa buga ƙofa da ƙarfi. Yau da safe ina shara na tsinci fure na biyar da ya faɗi a ƙarƙashin gado, inda Mama ta tura shi don kada in gani.